Kafin a Kira Ta Bola, a Jona Ta da Wuta: Martani Kan Tsofaffin Sabobi a Gwarinpa

Wani marubuci mai sharhi kan harkokin fasaha ya ɗauki alƙalami kwanakin baya ya yi wa wata shawara dirar mikiya. Shawarar ita ce wadda ake ta juyawa tsakanin matasan injiniyoyin kwamfuta a Abuja: a nemi shago ko gareji a unguwa irin Gwarinpa, a tattaro sabobin da bankuna da ma'aikatu suka daina amfani da su, wato manyan kwamfutocin nan marasa allo da ke riƙe da bayanan ofis da shafukan intanet, sannan masu sana'ar su ba da Asabar da Lahadinsu kyauta suna koya wa yara yadda ake buɗe su, a share, a gwada, a mayar da su bakin aiki. A ganin marubucin, wannan shigo da bolar Turai ne ta bayan gida da sunan taimako. Ya ce duniya ta riga ta koma gajimare, inda ake hayar kwamfuta ta intanet, don haka sa yaro ya riƙa taɓa ƙarfe ɓata masa lokaci ne. Ya rufe da cewa ko ba komai, kuɗin wuta kaɗai ya isa ya sa a garƙame ajin.

Makalar ta yi daɗin karatu, kuma tsoron da ke cikinta yana da tushe. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin jihar Bendel ta wancan lokaci, Delta a yau. Abin ya girgiza gwamnatin Babangida har ta kafa dokar soja mai lamba 42 kan shara mai cutarwa, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a cikin shekarar. A 1989 aka ƙulla Yarjejeniyar Basel, ƙasashen Afirka suka bi da tasu ta Bamako a 1991. Da zamanin kwamfuta ya zo, sai sharar ta sake kama: a 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ruwaito cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka a Legas kowane wata, kuma masana harkar a can suka shaida mata cewa har kashi 75 cikin ɗari na iya zama tarkace. Duk wanda ya san wannan tarihi, ba a ga laifinsa ba idan gabansa ya faɗi da jin an ambaci tsohuwar na'ura.

Sai dai marubucin ya tsaya a 2005, alhali an yi ƙidaya mafi tsauri bayan nan. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya tare da cibiyar Basel ta Afirka sun sa ido a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016, suka fitar da rahoto a 2018. Sun tarar kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa duk shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kayan a cikin motocin kwance ake cuso su, kuma talabijin da injinan kwafi da firji ne suka fi nauyi a lissafin. Rubu'i ɗaya matacce ba ƙaramin abu ba ne. Amma ragowar, wadda ita ce mafi rinjaye, kaya ne masu rai, irin waɗanda ake ɗauka a Computer Village ta Ikeja a kawo su Banex da ke Wuse 2, ko titin Beirut a Kano, ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa su saya su yi shekaru suna mora. Ƙa'idojin da hukumar kula da muhalli ta NESREA ta fitar a 2011 ba su haramta kayan hannu ba. Matattu suka haramta. Ke nan a doka ma, abin da ke raba kaya da bola gwaji ne. Idan ƙasa ba ta da isassun mutanen da suka iya gwajin, to komai zai wuce, mai rai da matacce. Abin mamaki ne mai kukan bola ya zama shi ne ke adawa da horar da masu tantance ta.

Bayan haka, shawarar da ake magana a kai ba ta ma buƙatar tashar ruwan Apapa ta Legas. Abuja da kanta tana fitar da irin waɗannan na'urori. Ma'aikatun tarayya, bankuna, ofisoshin jakadanci, ƙungiyoyin agaji, kamfanonin sadarwa, duk suna sauya sabobi bayan 'yan shekaru. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi hanyar rabuwa da kayan da aka gama da su, amma kowa ya san yadda abin kan ƙare: a tura su sito su sha ƙura, ranar da aka yi gwanjo su faɗa hannun 'yan gwangwan, a farfasa su don jan ƙarfe da alminiyam, a ƙona wayoyin a bayan gari. Wannan bolar ba daga Turai ta zo ba, kuma tana nan ko an buɗe aji ko ba a buɗe ba.

Da alama marubucin bai taɓa tsayawa kan saba ana gwada ta ba, domin ya kwatanta aikin kamar goge-goge ne da tsumma. A ɗauki Dell PowerEdge R720 da ta fito a 2012, ko HP ProLiant DL380 Gen9 ta 2014, waɗanda su ne aka fi cin karo da su a kasuwar hannu. An ƙera su ne don a riƙa buɗewa: ana ɗaga murfin da hannu ba sukundireba, taswirar cikin tana manne a jikin murfin, kuma an sa wa sassan da ake iya cirewa launi na daban. Yaro zai fara da ɗaura igiyar da ke sauke lantarkin jikinsa, domin a lokacin hunturu ɗan tartsatsin da bai ma ji ba ya isa ya kashe ram, wato ma'ajiyar wucin-gadi ta na'urar. Zai busa ƙurar da ta toshe fankoki, ya kankare busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, ya shafa sabo, ya canza ɗan batirin da ke riƙe da agogo. Wannan duk share fage ne.

Aikin gaske yana farawa ne idan an jona wuta. Kowace irin wannan saba tana da wata 'yar kwamfuta a cikinta mai gadinta, Dell na kiranta iDRAC, HP na kiranta iLO, wadda ke rubuta duk abin da ya taɓa samun na'urar: ranar da ta yi zafi fiye da kima, ranar da fanka ta tsaya, sandar ram ɗin da ta fara kuskure. Karanta wannan kundi shi ne darasi na farko, kuma darasi ne na haƙuri. Daga nan sai a saki manhajar Memtest86 ta kwana tana rubutu da karatu a kowane lungu na ram. Ba camfi ba ne: binciken da aka yi kan sabobin Google aka wallafa a 2009 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin ɗari na sandunan ram kan yi kuskure a cikin shekara guda. Faifan ajiya kuma ana tambayarsa lafiyarsa ta tsarin SMART, amma malamin kirki zai gargaɗi ɗalibinsa kada ya yarda da amsar ido rufe. Wani binciken na Google a 2007, kan faifai sama da 100,000, ya gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a bincikensa ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60, amma kuma kashi 36 cikin ɗari na faifan da suka mutu ba su ba da wata alama ba kafin nan. Shi ya sa ake haɗa faifai da yawa su riƙi bayani ɗaya. Kuma shi ya sa abin da ya fi burge yara a irin wannan aji shi ne lokacin da malami zai ce wa ɗaya daga cikinsu ya zare faifai ɗaya, ko ya cire akwatin wuta ɗaya daga cikin biyun da ke jikin sabar, na'urar tana tsaka da aiki. Fitila ta koma ruwan lemo, fankoki su ɗaga murya, aiki kuwa bai tsaya ba. Sai a mayar da faifan a zauna ana kallon yadda bayanai ke sake ginuwa. A ƙarshe a ɗora wa sabar nauyi na kwana ɗaya ko biyu ba hutawa, a rubuta sakamako a takarda, mai gwaji ya sa hannu.

Babu bankin da zai bar sabon ma'aikaci ya zare faifai daga sabar da ke riƙe da asusun jama'a don ya ga abin da zai faru. Ba a koyon kanikanci a kan sabuwar motar Alhaji; a kan tsohuwar fijo ake lalata zaren noti har hannu ya faɗa. Tsufan na'urar shi ne ya ba yaro izinin yin kuskure.

Akwai kuma wani sashe na aikin da makalar ba ta ko ambata ba, alhali shi ya fi haɗari: bayanan da ke cikin faifan. A wani binciken da aka wallafa a 2003, wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun sayi faifai 158 na hannu don su ga abin da aka bari a ciki. Guda 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A sauran sun tsinci dubban lambobin katin banki da bayanan asibiti da wasiƙun mutane. Kusan shekara ashirin bayan haka, a Satumban 2022, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci tarar bankin Morgan Stanley dala miliyan 35 saboda sakaci wajen rabuwa da faifai da sabobi masu ɗauke da bayanan mutane kimanin miliyan 15. A Nijeriya ma, tun da aka sa hannu kan dokar kare bayanai a Yunin 2023, ofishin da ya sayar da saba da sunayen mutane a ciki ya shiga hurumin hukunci. Goge faifai bisa ƙa'ida irin ta NIST 800-88, da ba da shaidar an goge, da sanin lokacin da gogewa ba ta wadatar sai an huda faifan, sana'a ce da ake biya a kanta. Ɗan gwangwan ba ruwansa da wannan; a kilo yake saye.

Sai batun gajimare, inda marubucin ya fi sakin baki. Gajimaren nan dai sabobi ne jere a cikin ginin wani, masu fanka da faifai da ram kamar waɗanda ake magana a kai. Masu gajimaren ma ba sa kallon saba mai shekara huɗu a matsayin tarkace: a 2022 Microsoft ya ƙara wa'adin da yake lissafa wa sabobinsa daga shekara huɗu zuwa shida, kamfanin da ya mallaki Google ya bi sahu a farkon 2023, kuma tun 2020 Microsoft ya buɗe cibiya a Amsterdam don kwance tsofaffin sabobinsa da sake amfani da sassansu. Irin waɗannan gine-gine suna ƙaruwa a nan gida. Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya yana da cibiyar bayanai a Abuja, Rack Centre yana Legas, kuma a 2022 kamfanin Equinix na Amurka ya sayi kamfanin MainOne na Nijeriya a kan dala miliyan 320. Idan faifai ya mutu da ƙarfe biyun dare a ɗaya daga cikinsu, mutum ne zai tashi ya je ya canza shi.

Kuma wanda ke Abuja ranar 14 ga Maris 2024 bai manta ba. Wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gabar Afirka ta Yamma a rana guda, manhajojin bankuna suka riƙa juyi, ofisoshin da komai nasu ke can ƙetare suka naɗe hannu. Ga kuma kuɗi: hayar gajimare da dala ake biya, dalar da take wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗalibin da ya manta bai kashe kwamfutar da ya yi haya ba zai tashi da bashin da ya fi ƙarfin mahaifinsa. A ɗaya gefen, saba ɗaya ta hannu da aka sa wa manhajar Proxmox, wadda kyauta ce, ana iya yanka ta gida ashirin, kowane ɗalibi ya samu kwamfutarsa ta Linux, ya kafa, ya rushe, ya sake kafawa, ba data ba dala. Abin da zai koya a nan, raba na'ura da tsara hanyar sadarwa da ajiyar ko-ta-kwana, shi ne ainihin abin da ake sayarwa a gajimare. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023 yana koyar da aikin gajimare, kuma madalla da shi; ɗakin da ke da ƙarfen da za a taɓa abokin tafiyarsa ne, ba kishiyarsa ba.

A batun wuta kam, marubucin ya taɓo gaskiya, sai dai bai yi lissafi ba. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225, kafin a ɗan sassauta daga baya. A ce saba tana jan wat 200. Idan aka bar ta dare da rana, yunit 144 ke nan a wata, wato naira 32,400 a wancan farashi, ban da sanyaya ɗaki da man janareta. Guda biyar sun isa su karya ƙaramar ƙungiya. Amma aji ba banki ba ne. Idan awa huɗu ake kunna ta, sau uku a mako, kimanin yunit 10 ne a wata, kuɗin wajen naira 2,300. Kwanan gwaji ne kaɗai ke buƙatar wuta marar yankewa, kuma ana iya tsara shi. Abin da lissafin ke koyarwa shi ne kada a karɓi kowace irin kyauta: na'urorin da suka girmi 2010 sun fi jan wuta, sun fi ƙara, aikinsu kuma bai kai ba. Irin waɗannan a kwance su don darasi, kada a ce za a raya su.

Wannan tsari ba mafarki ba ne, an gwada shi a wani wuri. A shekarar 2000 aka kafa Free Geek a birnin Portland na jihar Oregon. Jama'a da kamfanoni suna kawo tsofaffin kwamfutoci, 'yan sa-kai suna gwadawa su gyara su sa musu Linux. Shekaru da dama ƙa'idarsu ita ce wanda ya yi aikin awa 24 ya tafi gida da kwamfuta, wanda kuma ya shiga sashen haɗawa ya haɗa biyar ya ɗauki ta shida. Abin lura a nan shi ne ba da fatar baki suka rayu ba: suna da shagon sayar da abin da suka gyara, suna kuma sayar da ƙarafan abin da ya ƙi gyaruwa ga masu narkarwa. Arewa ba baƙuwar koyo da hannu ba ce. Panteka ta Kaduna da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano sun yaye dubban yara ba tare da allo da alli ba. Gibin da ke akwai shi ne yaron kasuwa yana ƙwarewa a waya da laftof domin su ake kawowa kullum, saba kuwa ba ta zuwa teburinsa.

Gwarinpa kuma ba a banza aka ambace ta ba. Rukunin gidajen da aka gina a zamanin Abacha, wanda ake yawan cewa babu kamarsa girma a Afirka ta Yamma, ya tara ma'aikata da injiniyoyi da 'yan fansho masu ilimi da lokaci. Kewaye da shi kuma ga Dawaki da Karsana da Dutsen Alhaji da Kubwa, cike da matasan da suka gama sakandare suna jiran abin yi. Masu koyarwa da masu koyo tafiyar Keke Napep ce ko ƙaramar mota tsakaninsu. Kasuwar aikin ma tana nan: makarantu masu zaman kansu, asibitoci, otal-otal, kantuna masu kyamarar tsaro. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma kowace cibiya tana dogara ne da sabar da ke cikin ginin, wadda ɗaruruwan kwamfutocin ɗalibai ke jone da ita. Ranar da wannan saba ta ƙi tashi, ba injiniyan gajimare ake nema ba.

Da marubucin ya so ya kama masu shawarar a inda ba su da mafita, da ya tambaye su ina za su kai gawar. Duk saba tana da ranar mutuwa, kuma aji irin wannan zai riƙa tara matattun allunan lantarki da batura da faifan da aka huda. Rahoton duniya na 2024 kan sharar lantarki ya ce an samar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kashi 22.3 cikin ɗari kaɗai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida, a Afirka kuwa bai kai kashi ɗaya ba. Lodin zai ƙaru, domin tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, ofisoshi kuma suna ta sauke kwamfutocin da ba za su ɗauki Windows 11 ba. A Nijeriya akwai ƙungiyar EPRON da aka kafa a 2018 don masu shigo da kaya su ɗauki nauyin sharar kayansu, akwai kuma kamfanoni masu lasisi irin su Hinckley, amma ƙarfin harkar yana Legas ne, tafiyar fiye da kilomita 700 daga Gwarinpa. Baban bola kuwa yana bakin ƙofa da kurarsa, kuma shi biya yake yi nan take. Duk ƙungiyar da za ta buɗe wannan aji sai ta rubuta a kasafinta, tun ranar farko, wa zai biya kuɗin motar da za ta kai matattun sassan Legas, sau nawa a shekara, kuma wa zai karɓo takardar shaidar an sarrafa su.